Ɗana ya dawo daga Indiya ya rage cin girkina

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 56. Maigidana ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar ni da 'ya'ya huɗu: mata biyu da suka yi aure, da maza biyu da har yanzu suke gabana. Babban, wanda shi ne ɗan farina, shekararsa 30, ya yi karatun harhaɗa magunguna a birnin Chennai na kudancin Indiya, ya dawo ya sami aiki. Ƙaramin shekararsa 25, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Tun da babban ya dawo ya rage cin abincina. Sai ya ce mai ya yi yawa ko magi ya yi yawa, ya shiga kicin da kansa ya soya wani koren wake da kwakwa da ya ce sunansa poriyal, ya ci da 'yar shinkafa, ƙanen ma ya fara bin sahunsa. Kwanan baya gwaggonsu ta same shi tsaye a gaban murhu, ta yi mini gorin da har yau bai bar raina ba. Ba ya gaya mini inda za shi, na kuma nuna masa 'yar ƙanwata ya ce in ƙara masa lokaci. Ina kwana ina kuka, har zuciyata ta fara raya mini in yi masa baki ko zai dawo hanya. Shin in hana shi shiga kicin ne? Ko kuwa zaman Indiya ne ya raba ni da ɗana?

Uwar samari biyu

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kuma saka miki da alheri bisa ɗawainiyar marayun nan da kika yi ke kaɗai har suka kawo ƙarfi. Amsata a taƙaice ita ce kada ki hana shi shiga kicin, kada kuma ki bari kalmar baki ta fito daga gare ki ko da wasa. A cikin duk abin da kika zayyana ban ga alamar ɗan da ya juya wa mahaifiyarsa baya ba, na dai ga namijin da ya girma a inda idonki bai kai ba, ya dawo gida ya tarar har yanzu ana kallonsa a matsayin yaron da aka raka filin jirgi.

Kin ce shi ne ɗan farinki, kuma a ganina a nan bakin zaren yake. A al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta sakin jiki ta zauna hira da shi, ba ta nuna masa so a gaban mutane, saboda alkunya. To, soyayyar da aka hana ta fita ta baki, ta ina take fita? Ta kwano take fita. Tsokar naman da kike ɓoyewa a ƙasan miyarsa, da man shanun da kike ƙara masa, da tuwon da kike rufewa ki ajiye har ya dawo da dare, su ne hirar da kika yi shekara da shekaru kina yi da shi. Saboda haka ranar da ya ture kwanon ya ce mai ya yi yawa, shi a ransa maganar mai yake yi, ke kuwa abin da kunnenki ya jiye miki shi ne ba ya bukatarki. Ina da yaƙinin cewa bai san kina kwana kina kuka ba, domin kunyar da ta hana ki faɗa masa ita ce ta hana shi tambayar ki. Aikin da ke gabanki shi ne buɗe wata hanyar magana tsakaninku bayan ta kwano, kuma kicin ɗin da kike son rufe masa shi ne wuri mafi sauƙi da za a fara.

Ya kamata ki san yadda ɗalibi irinsa yake koyon irin wannan girki, domin sanin zai rage miki zafin abin. Chennai, wadda ake kira Madras kafin 1996, ita ce babban birnin jihar Tamil Nadu, kuma cimar mutanen can shinkafa ce da romon wake mai tsami da suke kira sambar, sai kayan lambu da ake soyawa sama-sama a ajiye a gefe. Wannan na gefen shi ne poriyal, ana yin sa da kabeji, ko karas, ko kuɓewa, ko koren waken da ɗanki ya fi so. Maƙwabtansu na Kerala suna da irinsa da suke kira thoran, na Karnataka kuma palya. Yaro Musulmi da ya sauka a baƙuwar ƙasa da kuɗin makaranta ƙidayayye, abu biyu ne ke damun sa game da abinci: tsada da kuma shakkar yankan nama. Akwai Musulmi da mahauta na halal a birnin, musamman a tsofaffin unguwanni irin su Triplicane, amma ba kowane ɗalibi ne yake zaune kusa da su ba, ba kuma kullum aljihu yake kaiwa ba. Abincin ganye shi ne mafita, ga shi kuwa a ƙasar hatta kayan da aka ɗaure a leda ana buga musu koren ɗigo don a san babu nama a cikinsu. Da wuya a ce ɗanki bai kwana da kewar miyar kukarki ba a shekarunsa na farko, sai dai da babu ke a kusa, dole ya koyi abin da zai riƙe cikinsa ba tare da ya ci abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Wannan tarbiyyarki ce ta yi aiki, kuma harshen da ya yi shekaru yana cin abinci mai ƙarancin mai ba ya komawa yadda yake a wata ɗaya.

Maganar gwaggonsu kuwa ba ta da nauyin da kika ba ta. A cikin Sahihul Buhari, da aka tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. A garuruwanmu ma maza ne suke gasa tsire da balangu, su suke soya ƙwai a teburin shayi, su suke girki a manyan otal, kuma fatakenmu na da ba su tafi da masu dafa musu abinci a kowace tafiya ba. Idan ta sake tayar da zancen, ki ce mata cikin girmamawa, "Yaya, ai alhamdu lillahi, duk inda ya shiga ba zai kwana da yunwa ba," ki canza magana. Idan ta ga gorin bai sami wurin zama ba za ta daina.

Ban wanke shi gaba ɗaya ba. Ɗan da mahaifiyarsa ta tsaya a gaban wuta ta yi masa girki, bai kamata kalmar farko da za ta fito daga bakinsa ta zama aibin girkin ba, ko da abin da ya faɗa gaskiya ne. Suratul Isra'i ta hana ɗa ya ce wa iyayensa ko da "tir", ta umarce shi da ya yi musu magana ta karamci, kuma digiri ba ya ɗauke wa kowa wannan nauyi. Kina da haƙƙin ki gaya masa sau ɗaya, ke da shi, a lokacin da ranki yake kwance, cewa yadda yake faɗar maganar yana sosa miki rai. Amma ki raba yadda ya faɗa da abin da ya faɗa, domin a kan abin da ya faɗa yana da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, magi kuwa akasarinsa gishiri ne, ga shi muna jefa shi a tukunya sannan mu ƙara gishirin a kai. Mutumin da yake wuni yana miƙa wa jama'a maganin hawan jini da na ciwon suga ba zai kalli man da yake yawo a saman miya ya yi shiru ba, musamman idan mahaifiyarsa mai shekara 56 tana cikin masu shan miyar. Mai yiwuwa ne rabin ƙorafinsa tsoro ne yake ji a kanki, bai dai iya faɗa ba.

Shawarata ta zahiri ita ce ki ce ya koya miki wannan girki. Ki zaɓi ranar da ba ya zuwa aiki, ki sayo kayan da kanki, ki ce masa, "Zo ka nuna mini yadda ake yin waken nan naka." Zan bayyana miki yadda ake yi domin ki shiga da saninki, amma ki bar shi ya zama malami a ranar.

Waken da ake nufi shi ne ƙananan korayen nan masu siffar ƙwallo da muke zubawa a soyayyar shinkafa, waɗanda masu kayan lambu suke kira fis, kuma sun fi samuwa da araha a lokacin sanyi. A ɓare a sami kamar gwangwanin madara biyu, a zuba a ruwa kaɗan da ɗan gishiri da ɗan kurkum a bakin cokali, a dafa kamar minti biyar zuwa bakwai, har idan aka matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu ta ba da kai amma ba ta dame ba. Sai a tsane shi. Wanda aka saya a daskare minti biyu ko uku ya ishe shi, busasshe kuwa sai an jiƙa shi ya kwana sannan a dafa shi ya yi laushi. A kankare ɓawon kwakwa, a goge farin a jikin magogi mai ƙananan ƙofofi har a sami babban cokali uku, a ajiye a gefe.

Sirrin girkin duka yana cikin minti ɗaya da ake soya kayan ƙamshi, shi ya sa ake jera komai a kusa kafin a kunna wuta. A zuba mai babban cokali ɗaya kawai a kasko, kuma na san hannunki zai so ya ƙara, ki daure. Mutanen Tamil Nadu sukan yi da man riɗi, na Kerala da man kwakwa, man gyaɗarmu ma ya wadatar. Idan man ya yi zafi sai a zuba rabin ƙaramin cokali na ƙwayar hardal, wato mastad, a ɗan kare kaskon da murfi, domin ƙwayoyin za su fara fashewa suna tsalle suna ƙara. Wajibi ne a jira su fashe, domin idan ba su fashe ba ɗaci za su ba abincin, idan kuma aka bar su suka wuce sai su ƙone. Da zarar ƙarar ta fara lafawa sai a zuba ƙaramin cokali ɗaya na wani ɓarzajjen farin wake da Indiyawa suke kira urad, a juya har ya yi launin zinariya, shi ne yake ba da ɗan garas-garas a ƙarƙashin haƙori. A karya busasshen jan barkono biyu a jefa, a bi shi da ganyen kori kamar guda goma, wanda zai yi ƙara da zarar ya taɓa mai ya cika kicin da ƙamshi. Daga nan a zuba ƙaramar albasa yankakka a juya har ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba, a juye waken a kai, a juya minti biyu, a ɗanɗana gishiri, a kashe wuta, sannan a barbaɗa kwakwar a gauraya. Ba a sa tumatir, ba a sa magi, ba a kuma barin romo a ƙasan kasko.

Akwai wurin da mutane suke kuskure a nan gida. Ganyen korin da ake sayarwa a kasuwanninmu dangin ɗoɗɗoya ne, ba shi ne na Indiya ba, wanda ganyen wata ƙaramar bishiya ce, garin kori na gwangwani kuma wani abu ne daban. Na ainihin, da hardal da urad, ana samun su a shagunan da suke sayar wa Indiyawa kayan abinci a manyan birane irin su Kano da Legas, kuma tunda ɗanki yana yin girkin, ya riga ya san inda yake samo su. Idan aka rasa urad ko ganyen, girkin zai yiwu ba tare da su ba, amma idan babu hardal da kwakwa to ya zama wani abinci daban. Sannan gogaggiyar kwakwa ba ta jure zafinmu, don haka a yi daidai wanda za a cinye a ranar. Idan kin ɗanɗana za ki ga ba baƙon abu ba ne sosai, domin hikimarsa ɗaya da ta kwaɗon zogale: a dafa kayan lambu sama-sama, a ba shi ɗan mai da yaji, kwakwa kuma ta tsaya a inda ƙuli yake tsayawa a wurinmu. Yana tafiya da farar shinkafa da miya, yana tafiya da dafa-duka, kuma ba zai ture tuwonki daga gidan ba, mahaɗi ne kawai.

Amfanin wannan zama ya wuce koyon girki. Mutanen da kunya ta shiga tsakaninsu sun fi iya magana idan hannuwansu suna aiki kuma idanunsu ba sa haɗuwa. Kina ɓarar wake yana gogar kwakwa, ki tambaye shi wa ya koya masa, me ya fi ba shi wuya a can, yaya ya yi azumin farko ba tare da kununki ba. Ki saurara har ya kai aya, kada ki mai da amsarsa wa'azi. Wata rana kuma ki kira shi da ƙanensa ki ce su tsaya su ga yadda kike kaɗa miyar kuka, ki rage man da magin a gabansu, ki ƙara daddawa, ki tambayi babban ko ya yi. Ɗan da aka nemi ra'ayinsa a kan miya yakan sami ƙarfin gwiwar kawo maganar da ta fi miya girma.

Game da fitarsa, ki bambance abin da yake haƙƙinki da abin da ya riga ya fita daga hannunki. Matuƙar yana kwana a gidanki, kina da ikon ki ce duk wanda zai kai dare ya kira waya, duk wanda ba zai ci abincin dare ba ya faɗa tun da rana don kada a yi asara, duk wanda ya yi girki ya wanke kaskonsa, wanda yake da albashi kuma ya ɗauki wani kaso na cefane. Waɗannan dokokin zaman gida ne, kuma namijin kirki yakan ji daɗin a ɗora masa su, domin suna nuna an ɗauke shi babba. Amma bin diddigin wurin wa ya je, me suka tattauna, nawa ya kashe, wannan ba ya haifar da komai ga mai shekara 30 sai ƙwarewa wajen ɓoye-ɓoye. Abin da zai sa hankalinki ya tashi da gaske shi ne idan kika ga ya yi sakaci da salla, ko kuɗinsa suna salwanta ba dalili, ko yanayinsa ya sauya irin na mai shaye-shaye, ko ya janye daga kowa ya daina walwala. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan wani ya bayyana nan gaba, ki nemi kawunsa ko baffansa da yake jin nauyinsa, kada ki ɗauki abin ke kaɗai.

A kan 'yar ƙanwarki, lura da cewa bai ce miki a'a ba, lokaci ya nema, kuma wannan ladabi ne daga ɗan da ba ya son ya ba ki kunya. Ko dai yana da wadda yake so yana neman hanyar faɗa, ko yana tara abin da zai riƙe gida da shi, ko kuma yarinyar ba ta kwanta masa ba. Ki aika masa da wanda ba ya jin kunyarsa, kamar ɗaya daga cikin ƙannensa mata, ta jiyo miki gaskiyar, ki kuma shirya zuciyarki ta karɓi kowace amsa. Auren zumuncin da aka tilasta idan ya lalace ba ma'auratan kaɗai yake rabawa ba, har ke da ƙanwarki sai ya shiga tsakaninku. Tunda kuma shi ma'aikacin lafiya ne, duk wadda za a tsayar, ki goyi bayansa a yi gwajin jini na sikila kafin magana ta yi nisa.

Batun baki shi ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mu yi mummunar addu'a a kan kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu, don kada ta dace da sa'ar da ake amsawa. Baki ba ya dawo da ɗa hanya, kuma idan ya kama shi, ke ce za ki fi kowa shan wahalar ganin abin da ya same shi. Duk daren da wannan tunani ya zo miki, ki tashi ki yi alwala ki roƙa masa shiriya da mace tagari da arziki mai albarka, ki kama sunansa a cikin addu'ar, tunda a gaban Allah babu alkunya.

Kada kuma ki manta da ƙaramin, wanda ya zo a layi ɗaya tak a wasiƙarki. Ya gama bautar ƙasa yana zaune, yana kallon yayansa yana fita aiki kullum, kuma wannan lokaci ne mai nauyi ga saurayi. Bin yayansa kicin da yake yi alheri ne, domin ya fi zaman majalisa a bakin titi. Ki ba shi kuɗin cefanen mako ya riƙa zuwa kasuwa da kansa yana kawo miki lissafi, ki kuma ce wa babban ya zauna da shi su duba maganar neman aiki ko sana'ar da zai fara kafin aikin ya samu. Ke ma ki koma Islamiyyarki da ziyarar 'ya'yanki mata da jikoki idan kin rage, ki kuma je a auna miki jini da suga a cikin watan nan, tunda rashin barci da yawan kuka suna taɓa lafiyar mai shekarunki.